Rahoton Shekara: Hisabi Ne Ko Riya?

Ma'aji: Salamu alaikum. Jiya bayan taron ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu, Baba Alhaji ya ce buga rahoton shekara ɓarnar kuɗin marayu ne, kuma ba ya sa kowa ya ciro ko sisi. Ni ban gamsu ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Mai bayarwa don Allah yake bayarwa. Hadisi ya yabi wanda hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Kuɗin da za a kai wa mai ɗab'i gara a auno masara da shi.

Malama: Baba, Allah ya ƙara girma, hadisin kan mai bayarwa yake magana. Mu kuwa amanar mutane muke riƙe da ita. Aya ta 271 a Baƙara ta yabi bayyana sadaka, duk da ta fifita ɓoyewa. Ta 282 kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo, cewa ta yi a rubuta bashi.

Sakatare: Kuma lissafin dole ne. Muna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, dokar 2020 ta ce mu miƙa bayanan shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba.

Baba Alhaji: Wannan na hukuma ne, ku kai mata. Mi ya haɗa shi da ɗan kasuwa?

Hajiya: Baba yana da rabin gaskiya, ku bari in faɗa maku abin da na gani. Bara ni na kai wa wani mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa rahotonmu. Ya buɗe, shafin farko hotonmu ne cikin manyan kaya, na biyu jawabin shugaba, na uku godiya. Ya rufe, ya danne shi da kalkuleta, ya ce, "To Hajiya, yanzu mi kuke so in yi?" Wallahi kunya ta kama ni, don babu amsar a takardar. Mutum ne mai hannun kyauta, amma haka na fito hannu rabbana.

Ma'aji: Ashe laifin rubutunmu ne. A bana mu sa abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya gagare mu. Mu faɗi gaskiya cewa tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin da ke ciyar da gidaje ba ya kai wa inda yake kaiwa da. Sannan roƙo guda: ga yaran da ba a biya wa kuɗin jarrabawar NECO ba, ga abin da kowane yake buƙata, ga lambar asusu, ga ranar rufewa.

Sakatare: Da hotunansu?

Malama: A'a, don Allah. Wata uwar marayu a Ƙofar Marusa ta riƙe hannuna ta ce kada ɗanta ya ga fuskarsa na yawo a wayoyi. Hoton rasit da buhuna ya isa.

Hajiya: Kuma a fitar da shi cikin Sha'aban, lokacin da masu zakka ke lissafi, ba bayan Salla ba.

Baba Alhaji: In shafi biyu ne a tura ta waya, ba zan hana ba. Amma sunan mai bayarwa ba zai shiga ba, ko nawa ya bayar.

Ma'aji: Baba, akwai waɗanda ke son ganin sunansu don su tabbata kuɗinsu ya iso.

Baba Alhaji: A ba su rasit. Sauran mu ƙarasa ranar Asabar bayan La'asar.