Ƙanena ya iya haɗa sola amma takarda ta gagare shi

Babbar yaya, Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan autan gidanmu, shekararsa 18. Bana karo na biyu ke nan da ya zauna JAMB, maki bai kai ba. Da ya fito ya ce mini, "Yaya, ban kai rabi ba lokaci ya ƙare." Tambaya 180 ce cikin awa biyu, shi kuwa layi ɗaya sai ya maimaita sau uku kafin ya shiga kansa.

Tun yana firamare haka yake. A aike shi sayen abu uku, ya dawo da ɗaya, canjin ma ya baro shi a shago. Baba ya doke shi har ya gaji. Gwaggonmu ta ce sammu ne, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Amma yaron nan ya haddace izu 15 a makarantar allo, kuma shi ya haɗa solar gidanmu, ya zauna kanta tun hantsi har la'asar bai ɗaga kai ba. Wanda ya iya wannan daƙiƙi ne? Shekaranjiya na ji yana ce wa abokinsa, "Ni dai ba ni da ƙwaƙwalwa." Tun lokacin ban yi barcin kirki ba. Ina za mu dosa?

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba a gane larura daga rubutu, amma bayaninki ya yi kama da abu biyu da kan zo tare. Ɗaya ADHD, wato ƙarancin tattara hankali. Ɗayan disleksiya, wahalar haɗa harafi da sautinsa. Duk ba su taɓa basira, kuma sukan bi jini, don haka ki duba dangi, wataƙila akwai wani kawu mai irin halin. Zaman da ya yi kan sola bai kore zancen ba: mai ADHD kan nutse cikin abin da ransa ke so har ya manta da abinci.

Ku fara da gwajin ido da kunne, a duba jini da yanayin barcinsa. Daga nan ku ga likitan ƙwaƙwalwa a UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko asibitin tarayya na Kware. Na san mutanenmu da sun ji Kware sai gaba ya faɗi, amma ba taɓin hankali kaɗai ake dubawa can ba. Ku tafi da takardun sakamakonsa na firamare, da Inna in za ta iya, domin likita zai so sanin ko alamun sun fara kafin shekara 12, kuma ko a gida da makaranta duka ake ganinsu. Akwai maganin ADHD, amma sai da rubutun likita. Kada ku saya a kemis bisa shawarar kowa. Maganar da ya yi wa abokinsa kuma, ki faɗa wa likitan ita.

Malamin sakandare, Runjin Sambo:

Malama, haddar nan da kika ambata ita ce makullin. Ki tuna yadda ya yi ta: da murya, ana maimaitawa, jiki na rangaji, aya kaɗan a allo, sai ta zauna a wanke a rubuta wata. Mu kuwa a boko mun ce ya zauna shiru minti 40, ya kwafi allo guda da Turancin da rubutunsa daban, furucinsa daban. Ki gwada shi: ba shi shafin Hausa, ki ba shi na Turanci. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa masu wahalar karatu suka fi jigata a Turanci.

Ina da ɗalibi irinsa. Abin da ya yi mana aiki shi ne karatu bayan sallar asuba, kafin zafin Sakkwato ya sauko, minti 15 a tashi a zagaya tsakar gida a dawo. A karanta masa darasi a ɗauka a waya ya riƙa saurare. Ya rufe sauran shafi da takarda, ya bar layi ɗaya. Aike kuma ɗaya bayan ɗaya. Ban ce zai zama na ɗaya ba, amma nawa ya fita da kiredit biyar.

In likita ya ba ku takarda, ku kai wa shugaban makaranta ko duk inda zai shiga, ku nemi ƙarin lokaci. Akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Ba alfarma kuke roƙo ba.

Mai gyaran waya, Gawon Nama:

Yaya, ni ma awa ƙanenki nike. Ina da shekara 22 likita ya gane abin da ke damuna. Duka bai ƙara mini komi ba sai ƙarya da ɓuya, har wasu abokai suka kusa ja na ga shaye-shaye. Ku sa ido nan wurin. Kuma ku tambaye shi mi shi ke so. In sola ce, ku kai shi wurin ubangida na gari ya koya, ya ci gaba da shirin jarrabawa a hankali, wataƙila ya nemi fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ni ranar da yayana ya ce mini "ba lalaci ba ne, na gani," ranar na fara ɗaga kai.

Babbar yaya, Mabera:

Allah ya saka muku da alheri. Na gwada shi da shafin Hausa da daddare, ya fi sauri, ko da yake yana tsallake kalmomi. Na karanta masa amsar mai gyaran waya, ya yi shiru, can ya ce in sake. Litinin za mu je gwajin ido. Baba ne bai yarda da zancen likita ba tukuna, na roƙi Kawu ya zo bayan Juma'a su zauna.