Na saka Ubuntu kusa da Windows, intanet ɗin kebul ya ƙi tashi

Bashir_Kwamfuta:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a taimaka. Na saka Ubuntu 22.04 (wani tsarin aiki na Linux) a destop ɗina tare da Windows 10, ina zaɓar wanda zan shiga idan na kunna, komai ya tafi lafiya lau amma intanet ta kebul ya ƙi sam, ko ƴar fitilar nan da ke bayan kwamfuta inda ake soka kebul ɗin bata kamawa, idan na koma Windows kuwa nan take take kamawa, kebul ɗaya rauta ɗaya. Destop ɗin ba shi da wayales. Abin da ya ɗaure min kai shi ne jiya da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na shiga Ubuntu kai tsaye sai ga intanet ya zo, yau na shiga Windows na fito ya sake ɗaukewa. Aljanu ne ko me?

Ummi_IT:
Wa alaikumus salam. Ka gwada wani kebul ɗin tukuna, yawanci kan nan na roba ne yake sakin jiki idan ba a matse shi da kyau ba.

Baba Na Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya Ummi ba kebul bane, ai yace a Windows yana aiki. Bashir ɗauke wutar nan ita ce ta gaya maka ciwon ma. Buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni ta Ubuntu, ka rubuta lspci -k | grep -A3 -i ethernet ka faɗa min me ya fito, amma ina da tabbacin katin intanet ɗinka na Realtek ne mai lamba 8111 ko 8168, direbansa (manhajar da ke sarrafa katin) a Linux kuma r8169.

Abin da ke faruwa, idan Windows zai kashe kansa direbansa yakan kwantar da katin ya bar shi yana barci, shi kuma babban allon da ke cikin kwamfuta (motherboard) ko a kashe yake matuƙar soket na haɗe akwai ƴar wuta mai volt 5 da ke zagayawa a cikinsa, so katin bai manta halin da aka bar shi ba, Ubuntu ya zo ya same shi a kwance ya kasa tayar da shi. Da aka ɗauke wuta gaba ɗaya sai ya farka da kansa.

Gyaran daga Windows za ka yi shi. Shiga Device Manager, Network adapters, danna katin Realtek ɗin ka je Advanced, ka nemi Shutdown Wake-On-Lan ka mai da shi Enabled, a wasu direbobin sunan ya ɗan bambanta amma za ka gane shi. Sannan ka je Control Panel, Power Options, wajen Choose what the power buttons do, ka cire alamar da ke kan fast startup. Wannan abin tun Windows 8 aka kawo shi, idan yana kunne to shutdown ɗin ba cikakken kashewa bane, rabin barci ne kawai, kuma duk mai tsarin aiki biyu a kwamfuta ɗaya ya kamata ya kashe shi ko ba matsalar intanet, don har faifan Windows ɗin yakan hana Ubuntu rubutu a ciki. Bayan haka ka kashe, ka zare soket, ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 15, ka mayar.

Bashir_Kwamfuta:
Baba wlh kamar kana gabana, RTL8111/8168 ne kuma r8169 ya nuna. Nayi duk yadda kace fitilar ta kama, intanet ya zo, na shiga Windows na fito har yanzu yana nan. Sai dai yana ɗan yankewa lokaci lokaci idan ina sauke abu mai nauyi.

Sadiq_Linux:
Wannan yankewar kuma wata magana ce daban. Wasu katunan sun fi zama lafiya da direban r8168, tunda yanzu kana da intanet rubuta sudo apt install r8168-dkms ka sake kunnawa, shi da kansa zai toshe r8169 ɗin. Idan Secure Boot (tsaron da ke tantance abin da zai hau lokacin kunna kwamfuta) na kunne zai ce ka saka kalmar sirri, kar ka manta ta don wani shuɗin allo zai tambaye ka bayan ristat, idan ka tsallake shi direban ba zai hau ba ka koma babu intanet gaba ɗaya. In hakan ta faru ka haɗa wayarka ta Android da USB ka kunna USB tethering, Ubuntu na gane shi ba sai da direba ba.

Amma ni da kai ne kafin in taɓa direba zan bi shawarar Hajiya Ummi, duba ethtool enp3s0 ko dai me sunan katin naka a ip link, idan Speed ya nuna 100Mb/s alhali rautarka gigabit (1000Mb/s) ce to wataƙila ɗaya daga cikin wayoyi 8 na kebul ɗin bai zauna ba, gigabit sai da dukkansu, 100 kuwa 4 sun ishe shi.

Ummi_IT:
Kun gani ko 😂 Bashir turo mana abin da ethtool ɗin ya ce.