Barden da bai iya komai ba sai sara: me za mu kira shi?

1/ Duk Asabar bayan la'asar mukan haɗu mu biyar a wani ɗaki a Agege, mu shimfiɗa tabarma mu buga Dungeons & Dragons, wasan nan na labari da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da Hausa muke yi. Mai jan wasa ya zama mai jan labari, abin jefawa ya zama ɗan lido mai fuska 20. Kalma ɗaya ce ta tsaya mana a wuya: min-max, wato ɗan wasa ya cika wa jaruminsa wasu halaye maƙil, ya bar sauran a ƙasa.

2/ Ga yadda abin yake. A bugun 2014 kowane jarumi yana da halaye 6: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Ana ba ka maki 27 ka raba. Kai hali ɗaya zuwa 15 yana cin maki 9, don haka in ka cika uku, sauran ukun suna nan a 8, wato ƙasa da na talaka tilis.

Haka ƙanena ya gina nasa: barde ɗan zuri'ar masu takobi, wanda tun yaye ba a koya masa komai ba sai zare kansakali. Mako uku yana sare duk abin da ya tare mu, har muka fara jin kunyar namu jaruman. Sai labari ya kai mu bakin kogi, dole a roƙi mai fito ya tsallakar da mu, kuma barden kaɗai ya rage a tsaye. Ya jefa, 6 ta fito, aka cire 1 saboda kwarjininsa 8. Mai fito ya tura kwalekwalensa ya tafi. Yaron ya daɗe yana kallon takardar jaruminsa, sannan ya ce da ni, "Yaya, ashe ban iya ko gaisuwa ba."

3/ Ranar muka zauna neman suna. Wani ya ce "mai hannu ɗaya", tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'anar ta zauna, amma duk wanda ya ji zai ɗauka nakasa ake nufi, ban kuwa yarda mu mai da lalurar mutane sunan wasa ba.

4/ Babban cikinmu, wanda ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya kawo "bodari", saboda in tusa ta ƙare wa bodari shi ke nan. Na ce masa, "Alhaji, wannan ai zagi ne." Barden nan ba ragon jarumi ba ne, a fagensa babu na biyunsa.

5/ Ni abin da na tsaya a kai shi ne "kaifi ɗaya". Takobinmu na gargajiya miƙaƙƙe ne, kaifi biyu gare shi, ta duk inda ka juya zai ci. Wannan kuwa an wasa gefe guda har yana aske gashi, ɗayan an bar shi a dakushe. Ga shi ya ba mu aikatau a kyauta: "ya wasa kaifi ɗaya". A rubuce ma wasan wuƙa da wasan tabarma haruffa ɗaya ne.

Na san za a ce kaifi ɗaya yabo ne, mutumin da ba ya magana biyu. Ai shi ya sa nake son sa. Yana ɗauke da girman barden da kuma taurinsa, mutumin da ba ya lanƙwasuwa ko da lanƙwasawar ce za ta tsallakar da shi kogi.

6/ Makon jiya ƙanen nawa ya zo da sabuwar takarda, ya ce wannan karon kaifi biyu zai wasa. 'Yan'uwa masu bugawa a Idi-Araba da Obalende, ku gwada wannan kalma ta "kaifi ɗaya" a tabarmarku ranar Asabar, ku faɗa mini ko ta zauna a baki.