Waɗanda suka taɓa zuwa Ƙurɗuba, a ba mu labari

Ɗan Gusau: Salamu alaikum. Aiki zai kai ni Madrid, kuma ina so in leƙa Ƙurɗuba, garin Ƙurɗubi mai tafsirin nan, wanda 'yan Sifen ke kira Kordoba. Yini ɗaya zai ishe ni?

Malamin Makaranta: Zai isa, jirgin ƙasa mai sauri ba ya cin awa biyu. Amma ka shirya zuciyarka. Ni da na shiga babban masallacin sai da na yi tsaye cak. Ginshiƙai sama da 800, baka kan baka, ja da fari, kamar ka shiga gonar dabino. Abdurrahman Ad-Dakhil ya fara ginin wajen 785, magadansa suka yi ta ƙari. Mihrabin da Alhakam na biyu ya sa aka yi har yau zinarensa na walƙiya, ana karanta ayoyin jikinsa tar. Kana cikin tafiya sai ka ga coci a tsakiyar ginin. Tun 1236 da Sarki Fernando na uku ya ci garin wurin ya koma hannun Kiristoci, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Ka yi sallarka kafin ka shiga.

Maman 'Yan Biyu: Ni abincin ne ya kusa kayar da ni. Akwai wata miyar tumatir mai sanyi, salmorejo. Na ɗaga cokali ke nan maigidana ya riƙe min hannu, ashe jajayen abubuwan da aka barbaɗa a kai naman alade ne. Ƙanena, ka tambaya kafin ka ci. Kuma kada ka je a Yuli ko Agusta, zafin ya kan haura 40. Mu a Mayu muka je, lokacin da ake buɗe tsakar gidaje a ga furanni.

Almajiri: Malam, mihrabin ma ai kudu ya kalla, na auna da wayata. Ni abin da ya taɓa ni Ibn Rushd ne. Mun sha wuya kan littafinsa Bidayatul Mujtahid a zaure, sai ga ni a garin da aka haife shi a 1126. A Marrakesh ya rasu, 1198.

Malamin Makaranta: Haka ne. Shi ma Ƙurɗubi mai tafsirin a Masar ya rasu, kada ka je neman kabarinsa.

Baba Alhaji: Yaro, ƙara kwana ɗaya ka je tsohuwar fadar Madinatuz Zahra, kamar kilomita 8 ne daga gari. Abdurrahman na uku ya gina ta bayan ya ɗauki sarautar halifa a 929, ba ta cika shekara ɗari ba aka wawashe ta. Kango ne yanzu. Na zauna kan wani dutse gwiwata na ciwo, jikana na ta ɗaukar hoto.

Ɗan Gusau: Na gode. To, kwana biyu ke nan. Baba, da tasi kuka je ko akwai bas?