Ƙungiyarmu tana raguwa: mu koma wasan da ya fi kyan hoto?

Na Ƙofar Mata: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Mutanen da muke buga gem tare bayan sallar isha'i sun fara raguwa, kuma wasu daga cikinmu suna ganin hoton wasan ne ya tsufa. Shin mu koma wanda ya fi shi kyan hoto, ko kuwa matsalar tana wani wuri daban? Yawancinmu Tecno da Infinix muke riƙewa, masu RAM (ƙwaƙwalwar aikin waya) GB 3 ko 4.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ku gwada Free Fire, domin tun fitowarsa a 2017 ƙananan wayoyi suke ɗaukarsa, mutum 50 ne a fili, kuma cikin kimanin minti 10 an kammala zagaye.

Mai Gidan Gem: Ƙanena, ka yi tunani sosai kafin ka ɗauke mutanenka zuwa wasa mai nauyi, domin na ga yadda hakan yake ƙarewa a ƙofar shagona a Kurna. Akwai matasan da suka daɗe suna taruwa a kan bencina kowane dare, sai kamfanin wasan da suke bugawa ya fitar da sabon salo mai cin gurbi da yawa, wanda aka ƙara wa inuwa da ciyawa da ruwa mai sheƙi. A daren farko kowa sai yabawa yake, ana miƙa wa juna waya ana kallo. Amma lokacin zafi ne, watan Afrilu, kuma kafin a yi nisa bayan wayoyin ya ɗau zafin da hannu ba ya jurewa. Da idona na ga yaro ya cire rigar wayarsa ya ɗora ta a kan ledar ruwa mai sanyi, yana jira ta huce, abokansa kuma suna ta kiran sunansa a cikin wasan. Hoton yakan maƙale daidai lokacin da abokin gaba ya ɓullo, kafin ya saki an riga an harbe mutum. Masu manyan wayoyi suka riƙa cin kowane zagaye, sauran kuwa ba su yi rigima da kowa ba, ƙafa kawai suka ɗauke. Abin da ya fi damuna shi ne daga baya su ma masu manyan wayoyin sun daina zuwa, saboda waɗanda suke zuwa dominsu ba sa nan.

Injiniya: Abin da Yaya ya gani yana da dalili. Idan injin waya ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace, sai adadin hotunan da yake nunawa a daƙiƙa ɗaya ya faɗi. A hotuna 30, kowane hoto yana ɗaukar kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa, a 60 kuwa kusan 17, kuma a wasan harbi wannan ratar tana iya raba mai ci da wanda aka ci. A PUBG Mobile ku sa hoton a kan Smooth, wato hoto mai sauƙi, ku kashe inuwa, sannan ku ɗaga gudun hoto zuwa iyakar abin da wayar ta yarda da shi. Ku kuma tuna cewa Warzone Mobile ya fito a Maris 2024 da nauyin da ya wahalar da wayoyi da dama, aka cire shi daga shagunan manhajoji a Mayun 2025, alhali Minecraft, wanda komai nasa murabba'i ne, an sayar da fiye da kwafi miliyan 300 nasa.

'Yar Gwale: Injiniya, ban yarda a zubar da darajar hoto gaba ɗaya ba. Lokacin da eFootball 2022 ya fito a Satumban 2021, fuskokin Messi da Ronaldo sun fito a karkace, duniya ta yi ta yaɗa su, har Konami, kamfanin da ya yi wasan, ya fito ya ba da haƙuri. Mummunan hoto ma yana korar mutane.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya, amma wancan aikin da ba a kammala ba ne, ba sauƙin hoto ba. A lokacin, wasan yana cike da kurakurai a motsin 'yan wasa da na ƙwallon kanta.

'Yar Gwale: Duk da haka fuskokin ne mutane suka fara gani, kuma su suka hana wasu ma gwadawa.

Baban Yara: Ni a ganina duk kun bar netwok a baya. Idan ping, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je wasan daga wayarka ya dawo, ya haura kashi 200 cikin dubu na daƙiƙa, ko wace irin waya ke hannunka sai ka ga mutum ya ɓace nan ya ɓullo can, kuma da daddare, lokacin da kowa yake kan intanet, abin ya fi tsanani a unguwarmu.

Ɗan Fagge: Baba ya faɗi gaskiya. Game da hoto kuwa, Free Fire MAX da ya fito a 2021 yana amfani da asusu ɗaya da na asalin, kuma masu buga su biyun suna haɗuwa a fili guda, saboda haka mai babbar waya zai sami kyan hotonsa ba tare da an bar kowa a baya ba.

Na Farm Centre: Duk wanda zai canza waya saboda gem, ya tambayi sunan injinta kafin ya tambayi RAM. Idan ka ga an rubuta 4+4 a kwali, huɗun farko ne na ainihi, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na ainihin sauri ba.

Baban Yara: Malam, to wane inji ne yake jure zafin Kano ba tare da ya rage gudu ba? Ina son in saya wa babban ɗana kafin hutun makaranta, kuma kuɗin da na ware ba su da yawa.