Neman shawara: in buga wa matashin ɗan takara riguna bashi har bayan zaɓen fid da gwani?

Mai Buga Riguna, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da ɗan shago a nan Garwa, ina buga rubutu da hoto a jikin riguna da huluna. Shekara tara ina wannan sana'a. Bayan rasuwar mahaifinmu na fara, ina yaron shago, ina wanke firam ina shanya riguna a rana, har maigidana ya sallame ni da tsohon inji guda ɗaya. Lokacin aurena ko kuɗin lefe ban haɗa ba. Yayan matata da ke zaune a Yola shi ya ce a bar ni da abin da na samu, shi ya cika mini kuɗin hayar ɗakin da muka tare. Ranar da aka kwantar da 'yarmu ta fari a asibiti, da daddare ya kamo hanya ya tsallako da kuɗin magani, har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da zan yi magana a kansa.

Yanzu yana tafiyar wani matashi da ke neman tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyarsu can Najeriya. Shekarunsa arba'in da 'yan kai. Na kalli bidiyon tarukansa, wallahi jama'a kamar ƙasa, 'yan acaɓa da ɗalibai da mata. In yana magana a kan matasa da rashin aikin yi sai ka ji kamar a zuciyarka yake karantowa.

Yaya ya ce in buga musu riga 5,000 da hular hana-sallah 5,000, a biya ni bayan zaɓen fid da gwani. In mutumin ya samu tikiti, aikin Adamawa da Taraba duka nawa ne. Na yi lissafi, rigunan da hulunan da fenti za su ci kusan sefa miliyan 7. Abin da ke hannuna bai kai rabi ba, sai dai in an sayar da filinmu na bayan gari.

Ku da kuke bin siyasa, don Allah, matashi irin wannan yana iya cin zaɓen fid da gwani? In shiga ko in janye?

Maman Biyu, Ngaundare:

Wa alaikumus salam. Ka ce "filinmu". Kai da wa? Kuma da wane kuɗi za a biya ka, naira ko sefa? Akwai takarda?

Alhaji Tsohon Direba, Marwa:

Ɗana, zauna ka ji. Shekara 26 na yi ina jan mota tsakanin Marwa, Mubi da Yola, na ɗauki 'yan siyasa na ɗauki kayansu, ba labari aka ba ni ba.

Taron da ka gani a waya ba shi ke ba da tikiti ba. A 2022 deliget ne suka zaɓa, mutum dubu biyu da 'yan kai a APC, ƙasa da dubu a PDP, an tara su a Abuja, kowane rukuni yana hannun gwamnansa ko ubangidansa. A APC, fom kaɗai naira miliyan 100 aka sayar, na PDP miliyan 40. Da aka ƙirga a watan Yuni, Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, alhali Osinbajo yana kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Akwai wanda ya fito da sunan ɗan takarar matasa, Yahaya Bello, yana gwamnan Kogi a lokacin, shekararsa 46, da kuɗinsa da fastocinsa ko'ina. Ƙuri'a 47 ya tashi da ita. Gwamna mai ci fa. A PDP kuwa, Tambuwal a wurin taron ya miƙe ya ce ya janye wa Atiku, Atiku ya ci da 371, Wike ya samu 237. To wanda ya buga wa Tambuwal riguna, a daren nan wa zai kama?

An rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 tun 2018. Doka ta buɗe ƙofa, amma makullin ɗaki yana aljihun gwamnoni. Kafin ka yanka ko riga ɗaya ka tambayi surukinka: gwamna nawa ne ke bayan yaron nan? Ba a cinikin biri a sama.

Mai Buga Riguna:

Allah ya ƙara girma Baba Alhaji, na gode. Amma Yaya ya ce wannan karon ba irin na da ba ne, talakawa sun waye, kuma in aka yi 'yar tinƙe duk mai katin jam'iyya zai shiga layi. Can ne ƙarfinsu yake.

Maman Biyu, filin na gado ne, ni da ƙannena biyu mata. Maganar takarda kuwa, ta yaya zan dubi idon mutumin da ya yi mini abin da ya yi in ce ya sa hannu?

Ɗalibi, Ngaundare:

Da girmamawa Baba Alhaji, irin wannan maganar ce ta sa muke nan inda muke. Kullum a ce yaro ba zai iya ba. A Senegal, Bassirou Diomaye Faye yana da shekara 44 ya ci zaɓe a zagayen farko a watan Maris 2024, kwana goma bayan fitowarsa daga kurkuku. Obama a 2008 kowa ya ce tikitin na Hillary Clinton ne, ya fara kayar da ita a jihar Ayowa, daga nan labari ya sauya. Ni na gama digiri shekara uku ke nan, takarduna suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, na rubuta jarrabawar shiga aikin gwamnati sau huɗu. Wanda ya girmi kakana ba zai san zafin wannan ba. Yayana, in zuciyarka ta yarda da mutumin, ka taimaka masa. In kowa ya jira sai ya tabbatar, wa zai fara?

Alhaji Tsohon Direba:

Yaro, Allah ya ba ka aikin alheri, amma ka haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Faye bai yi zaɓen fid da gwani da kowa ba. An hana jagoran jam'iyyarsu Ousmane Sonko tsayawa, Sonko ya ɗaga hannun Faye, jam'iyyarsu da magoya bayanta suka bi. Ubangida ne ya ba shi. Amurka kuwa jiha-jiha ake bi wata da watanni, mutane na fita da kansu. Can ɗin ma, a 2020 wani matashi Buttigieg mai shekara 38 ya yi tashe a Ayowa, kafin wata guda ya cika ya janye ya bi Biden.

Kada mu je nesa. A nan gida Cabral Libii yana da shekara 38 ya yi takarar shugaban ƙasa a 2018, matasa suka bi shi suna ta rajistar zaɓe, ya zo na uku da kashi 6.28. A zaɓen Oktoba 2025 ya dawo kashi 3 da 'yan kai. Wanda ya girgiza ƙasar a wannan zaɓe Issa Tchiroma ne, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda ya daɗe yana minista, ya san kowane lamido da kowace ƙofa. Shi aka ce ya samu 35.19, Biya 53.66. Ku a Garwa kun fi ni sanin abin da ya biyo baya.

'Yar tinƙe kuma da ake ta faɗa, wa ke riƙe da rajistar 'yan jam'iyya? Wa ke rubuta sakamako a mazaɓa? Su ne dai. In sun ga dama ma sai su ce an yi maslaha, a kira yaron cikin dare a ce ya janye a ba shi minista. Shi ya samu nasa. Kai fa?

Ɗan Kuseri:

Mu da muke kallon Njamena ta tsallaken ruwa mun ga na Succès Masra. Matasa sun so shi ƙwarai, ya zama firaminista a Janairun 2024, ya yi takara a watan Mayu aka ce ya samu kashi 18.5, Mahamat Déby 61. A 2025 aka kama shi, aka yanke masa shekara 20. Ni abin da nake jin tsoro ma daban ne: kai ɗan Kamaru, za ka tsallaka iyaka da dila-dila na riguna masu hoton ɗan siyasar wata ƙasa. Ka yi tunanin duwan, wato kwastan, da shingayen hanya? Kar ka manta Najeriya ta taɓa rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Ni buhunan shinkafa na suka lalace a lokacin, har yau ban farfaɗo ba, wanda muka yi haɗin gwiwa da shi kuma ya daina ɗaga wayata.

Mai Ɗinki, Gidar:

Ɗan'uwa, sana'armu kusan ɗaya ce, bari in gaya maka nawa. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2020 na ɗinka wa wata tafiya riguna 300 na zanen jam'iyya. Aka ba ni kafin alƙalami kaɗan, aka ce sauran bayan zaɓe. Mutumin nan ya ci fa, ba faɗuwa ya yi ba. Na yi sintiri ƙofar gidansa wata bakwai, kullum maigadi ya ce ya yi tafiya, ina hangen motarsa a ciki. Yarana biyu na shago sai da na sallame su. Ran nan na ga wata tsohuwa a kasuwa da ɗaya daga cikin rigunan, ta koɗe, na gane ɗinkina daga wuyan. Na tsaya ina kallonta har ta shige. Ni dai aikin siyasa yanzu, kuɗi a hannu, kaya a hannu.

Maman Biyu:

Tambayata ɗaya ba ka amsa ba: naira ko sefa? Sefa tana ɗaure da yuro, ba ta motsi. Naira kuwa daga watan Yunin 2023 da aka sake ta, dala ɗaya ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Ko da an biya ka cif, in a naira aka yi ciniki kana iya karɓar kuɗin da ba zai mayar maka da uwar kuɗinka ba.

Sannan ka yi tunani, Kano da Yola cike suke da masu wannan sana'a, kuma kaya sun fi araha a can. Me ya sa aka tsallako har Garwa? Ni a ganina na can sun ƙi bayarwa bashi ne.

Filin kuma akwai haƙƙin ƙannenka a ciki. Sun sani?

Mai Buga Riguna:

Hajiya, wannan maganar ta yi mini zafi. Yaya ba don ya rasa mai yi ba ya zo wurina, so yake alherin ya tsaya a gida. Shi kansa ya sayar da motarsa ya saka a tafiyar. Mutum zai sayar da motarsa a kan abin da bai yarda da shi ba?

Kuɗin ba mu yi maganar ko wanne ba ne, amma na san ba zai cuce ni ba. Ƙannena zan gaya musu in an samu mai saye. Ai in abu ya yi kyau da su za a ci.

Kuma gaskiya ban faɗa muku ba tun farko, na riga na kwashi adashina na wannan zagaye, miliyan 2 da dubu 400, na tura wa mai kaya a Duwala kafin alƙalami. Riguna 2,000 suna hanya.

Alhaji Tsohon Direba:

Innalillahi. To ɗana, ai ka riga ka sa ƙafa a ruwa kafin ka tambayi zurfinsa. Saurara da kyau. Rigunan nan 2,000 farare ne, ba a buga musu komai ba, har yanzu kuɗi ne. Makarantu za su saya, ƙungiyoyin ƙwallo za su saya, masu biki za su saya. Ranar da ka ɗora musu fuskar mutum, ranar suka zama nasa, in ya janye ko tsumma ba za a saya ba. Kada ka taɓa filin marayu. Ka ce wa surukinka a kawo rabin kuɗi, a sefa, ka buga 500, a biya, ka ƙara 500. Tafiyar da za ta iya sayen fom ba za ta kasa biyan riga 500 ba. In ta kasa, ka samu amsar tambayarka.

Malamin Islamiyya, Garwa:

Ni ban ga laifin rubuta bashi ba ko tsakanin wa da ƙane. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne. Kuma ka yi istihara. Sayar da gado ba da yardar sauran magada ba kuwa bai halatta ba, ko da niyyarka mai kyau ce.

Ɗalibi:

Baba Alhaji, duk misalanka na waɗanda suka faɗi ne. Peter Obi da ya ga ba zai samu a PDP ba ya fice ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen fid da gwani a 2022, ya koma Labour, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 a babban zaɓen 2023. Ko wannan matashin bai samu tikiti a nan ba, zai iya komawa wata jam'iyya, rigunan su yi amfani.

Alhaji Tsohon Direba:

Da tambarin tsohuwar jam'iyya a ƙirji? Kuma Obi ya yi gwamnan Anambra sau biyu, ya yi takarar mataimaki a 2019, ba sabon shiga ba ne.

Mai Buga Riguna:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, maganar 500 ɗin na ji, sai dai an ce duka ake so kafin babban taron da za su yi a Yola, in na kawo kaɗan-kaɗan za a ba wani. Malam, zan yi istihara in sha Allahu. Matata tun jiya ba ta ce mini komai ba, ta dai ce kada in kunyata ta a gidansu.

Yanzu Yaya ya kira, ya ce in tura masa samfurin hoton kafin magariba. Na buɗe kwamfuta, wuta kuma ta ɗauke. Akwai wanda ya san nawa ake sayar da fili mai mita 400 a wajen hanyar Gashiga yanzu? Tambaya kawai nake yi.

Maman Biyu:

Ka kira ƙannenka tukuna.