Turancin 'yan Romaniya: ƙwazon mutum ne ko al'umma ce ta ɗora shi?

Malam Sabi'u: Jama'a, ga abin da nake da'awa: Turancin da ake yabon matasan Romaniya da shi ba ƙwazon ɗaiɗaikunsu ba ne, ƙasar ce ta shayar da su. Gidajen talabijin ɗinsu ba sa ɗora murya a kan finafinan waje, sai dai na yara ƙanana. Ana barin muryar asali, a rubuta fassara a ƙasan allo. Yaron da ya taso bayan faɗuwar shugaban kwaminisanci Ceausescu a Disambar 1989 ya yi shekaru Turanci na shiga kunnensa kullum ba tare da ya nufa ba. Ku dubi Jamhuriyar Moldoba: harshe ɗaya ne da Romaniya, amma da yake tana cikin Tarayyar Sobiyet har 1991, Rashanci ne ya zauna a bakin mutanenta.

Hajiya Rabi: Malam, ji daban, furtawa daban. Mai kallon fim da fassara a ƙasa idonsa na kan Romaniyanci, kunne ne kawai ke tsintar abin da ya tsinta. Zai gane magana, amma ka ce ya yi bayani na minti biyu sai harshe ya sarƙe. Kuma kurakuransu sanannu ne. Romaniyanci ba shi da sautin "th", sai su mai da shi "t" ko "s", "d" ko "z". Ba sa bambanta dogon wasali da gajere, sai "ship" da "sheep" su fito iri ɗaya. Suna yar da wakilin suna a farkon jimla saboda harshensu ya yarda da haka, sai ka ji "is raining". Shekaru kuwa "I have twenty years" suke cewa, daidai da yadda mu ma muke cewa ina da shekara ashirin. Talabijin ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai mutum ya zauna ya yi aiki.

Auwalu: Hajiya, ina tare da Malam, amma ba ta hanyar fim ba. Neman abinci ne. Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, Birtaniya ta buɗe musu kasuwar aiki gaba ɗaya a Janairun 2014, kamfanonin manhaja suka cika babban birnin ƙasar Bukarest da biranen Cluj-Napoca, Timisoara da Iasi. Wanda ya nufi gini ko jinyar tsofaffi a Italiya da Sifaniya kuwa Italiyanci da Sifaniyanci ya kama, cikin sauƙi ma, tunda su da Romaniyanci duk jikokin harshen Latin ne. Inda albashi yake, can harshe ke bi.

Malam Sabi'u: Madalla. Ka ƙara da makaranta: a Romaniya ana fara harshen waje tun ajin share fage, a ƙara na biyu a aji biyar, kuma akwai gwajinsa a jarrabawar kammala sakandare, wato bacalaureat. A da Faransanci ne harshen masu ilimi a can, har Bukarest ta karɓi taron ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2006. Ba wani matashi da ya zauna ya yanke shawarar a koma Turanci.

Hajiya Rabi: To in al'umma ce kaɗai, me ya sa 'yan aji ɗaya, malami ɗaya, talabijin ɗaya, wani ya iya wani bai iya ba?

Malama Binta: Yaya Rabi, amsarki ma a cikin al'ummar take. Ɗan birni iyayensa na biyan kuɗin darasin gida, abin da suke kira meditatii, ɗan ƙauye sau da yawa ba shi da wannan. Sannan ga kunya. 'Yan Romaniya biyu su zauna suna Turanci a tsakaninsu, na gefe zai ce iyayi ne. Har suna suka raɗa wa cakuɗa harsunan biyu, romgleza, kuma ba yabo ba ne. Shi ya sa zaman atisayen Turanci a tsakaninsu ke mutuwa: da an ci karo da kalma mai wuya sai ɗaya ya faɗe ta da Romaniyanci, kafin ka ankara hirar duka ta koma gida. Matsala ta biyu ta fi wannan muni. Tunda kuskurensu iri ɗaya ne, ba mai jin na wani. Ɗaya ya ce "eventually" yana nufin "wataƙila", don haka eventual take nufi a harshensu, ɗan'uwansa ya gane shi sarai, kuskuren ya daskare.

Maganinsa sai an ƙirƙiri ƙaramar al'umma mai dokarta. Kada a wuce mutum huɗu, kada a wuce minti 45. A tsayar da batu tun jiya. Kowa ya faɗi magana ɗaya sau uku ga mutane daban-daban: minti 4, sai 3, sai 2, domin matsin lokaci shi ke saki harshe. Kalma ta ɓace, a kewaya a siffanta ta da Turanci. Mutum ɗaya ya riƙe biro yana rubuta kurakurai, ba a gyara sai a minti goma na ƙarshe, don katse mai magana shi ke dawo da kunyar. A ɗauki zaman a waya, kowa ya saurari kansa. A gida kuma a mai da rubutun ƙasan allo Turanci. Lokaci-lokaci a gayyato wanda bai jin Romaniyanci ko kaɗan, shi kaɗai zai tsaya ya ce bai gane ba.

Auwalu: Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi. Mu ma nan mun ga irinsa: lokacin da ake kallon finafinan Indiya da muryarsu ta asali mutane da yawa sun tsinci Indiyanci, da fassarar Hausa ta zo abin ya ja baya.

Hajiya Rabi: Na yarda da tsarin Binta, amma ban sauka daga matsayina ba. Wani ne zai fara tara mutum huɗun nan, ya jure a kira shi mai iyayi. Malam Sabi'u, wannan mutumin wa ya tura shi?